Gatari, Itacen Girki da Tsirrai Masu Guba a Ƙasar Hausa

Itace da gawayi su ne makamashin da mafi yawan gidaje ke girki da su a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, kuma tun da kananzir da iskar gas suka yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka, musamman bayan janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, gidajen birni da dama da suka ajiye murhu sun sake komawa gare shi. Galibin abin da ake rubutawa kan wannan lamari ya karkata ne ga gurgusowar hamada da ƙarewar dazuzzuka, batun da ya cancanci a yi ta nanatawa, sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba, wato lafiyar mutumin da ke shiga daji da gatari da lafiyar iyalin da za su shaƙi hayaƙin abin da ya saro. Haɗarin aikin iri biyu ne. Akwai na nauyi da kaifi, wanda ke karya ƙashi ko ya ɗauki rai nan take, akwai kuma na guba, wanda ke shiga ta ido ko fata ko baki ko numfashi. Duka biyun suna tsirowa ne daga rashin sanin itacen kafin a ɗora masa gatari, kuma ƙarancin itace a yau yana tura mutane ga bishiyoyi da tsirran da magabata suka san dalilin da ya sa suka ƙyale su.

Bahaushen ƙauye ya gaji rabe-raben itatuwa da ya zauna daram tun kafin zuwan malamin daji. An san kirya da marke da aduwa da bagaruwa da ƙarfin nama da daɗewar garwashi, har maƙera ba su da gawayin da suka fi so kamar na kirya, an kuma san sabara da kalgo da geza a matsayin ƙananan itatuwan da ake sara su sake tohowa, alhali kuka, duk girmanta, namanta soso ne mai riƙe ruwa wanda ba ya cin wuta. Itatuwan da ke ba da abinci, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ɗinya da kanya, suna da masu su ko da a gonar wani suke, kuma sare su abin kai ƙara ne gaban mai gari. Gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana sannan ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi, ya samu kariyar da ta fi ta kowa, domin ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani, har na kisa, a kan wanda ya sare shi. Ko tsoron da ake yi wa tsofaffin tsamiyoyi da kukoki, cewa mazaunin iskoki ne, ya yi aikin da ba a lura da shi ba, domin ya nisanta matasa daga manyan bishiyoyi masu kogo, waɗanda su ne suka fi wuyar kayarwa. Wannan tsari ya raba aiki gwargwadon haɗarinsa: mata da yara suna tsintar ƙirare da busassun rassa, maza kuma suna sara da faskare, yaro yana koyo a bayan ubansa shekara da shekaru. Abin da ya canja shi ne itace ya yi nisa, ya zama hajar da ake lodawa a manyan motoci, mai saran kuma sau da yawa ɗan ƙwadago ne da ake biya gwargwadon lodi, ko ɗan gudun hijira da rikici ya kai shi dajin da bai san tsirransa ba.

Aikin kayar da bishiya yana farawa da ido. Gwanin sara yakan zagaya bishiyar ya tsaya nesa ya dube ta ta fuska biyu aƙalla, domin ya gane inda gangar jikinta ta karkata da kuma gefen da rassa suka fi nauyi, tun da waɗannan biyu ba kullum suke tafiya tare ba, sannan ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya ɗaga kai ya nemi matattun rassan da girgizar sara za ta iya sakowa a kansa. Yakan ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari, in ya ji amo kamar na ganga ya san cikin kogo ne ko gara ta cinye shi, kuma irin wannan bishiya ba ta bin umarnin mai sara. A nan ne mai neman itacen girki ya fi shiga tarko, saboda busasshiyar bishiyar da ke tsaye ita ce ta fi jan hankalinsa, ga ta a shirye don murhu, ga shi ba za a zarge shi da kashe ɗanye ba, amma ita ce mafi haɗari, domin namanta ya rasa danƙon da ke sa ɗanyen itace ya lanƙwasa a hankali, saiwoyinta sun ruɓe, kanta kuma yana iya karyewa ya faɗo baya a daidai lokacin da gindin ke tafiya gaba. Wajibi ne kuma a duba ko kurangar daji ta ɗaure kan bishiyar da na maƙwabciyarta, ko akwai wayar lantarki ko rufin ɗaki ko turbar mutane a inda za ta kai, kuma bishiyar da ke kusa da waya ba ta mai gatari ba ce sai an kashe wutar.

Kogo da ɓawo da tarin itace gidaje ne na wasu halittu. Ƙudan zuma kan fito da fushi da zarar an fara bugun gidansu, kunama tana kwana a ƙarƙashin ɓawon da ya saki, macizai kuma suna fakewa a gindin gungume da cikin damin da aka bari ya kwana a daji. Kububuwa, ƙaramar macijiyar da ake kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kashe manoma a wannan yanki, domin dafinta yana hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki, kuma yawan saranta ne ya sa garin Kaltungo a Jihar Gombe ya zama cibiyar jinyar saran maciji da ake zuwa daga jihohi masu nisa. Kasa tana kwanciya ba ta gudu, kumurci kuwa yana tofa dafi a ido daga nesa. Saboda haka ba a ɗaga gungume da hannu sai an juya shi da sanda ko ƙotar gatari, ana janyo shi ta yadda abin da ke ƙarƙashi zai gudu ta can gefe, kuma takalmin roba mai dogon wuya ya fi silifas nesa ba kusa ba.

Bayan an zaɓi inda bishiyar za ta kwanta, wanda ya fi kyau ya dace da inda ta riga ta karkata, sai a share gindinta daga ƙaya da ciyawa da duwatsu, a kuma share hanyar gudu. Wannan hanya ba ta zama baya sak, saboda gindin bishiya yakan yi tsalle ya dawo ta kan kututture, ba ta kuma zama gefe sak, saboda gangar tana iya mirginawa. Tana zama tsakanin biyun ne, abin da masu lissafi ke kira kusurwar digiri 45, kuma an fi so a share biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙa'idar da ma'aikatan daji ke bi a ƙasashe da yawa ita ce kada kowa ya tsaya kusa da ninki biyu na tsawon bishiyar in ba mai saran ba, ma'ana bishiya mai tsawon mita 10 tana bukatar fili na mita 20 ta kowace fuska, ba yaro, ba jaki, ba mai tsintar ƙirare. Wanda ya ga kamar an yi zuzutawa ya tuna cewa gungumen itace mai ƙarfi irin kirya, mai faɗi da tsawo da tsayin mita ɗaya-ɗaya, nauyinsa yana kusantar tan guda.

Saran kansa yana da matakai uku waɗanda ba a sauya jerinsu. Da farko ana buɗe wa bishiyar baki a gefen da ake so ta faɗi, wato a cire wani yanki mai siffar yankan kankana, zurfinsa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar da kashi ɗaya cikin uku na kaurin gindin, buɗewarsa kuma ta yi faɗi sosai don kada leɓunan su haɗu tun bishiyar ba ta yi nisa da faɗuwa ba. Daga nan sai a koma baya a yi sara na biyu, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin, ana tafiya zuwa gare shi. Mataki na uku shi ne tsayawa, kuma shi ne wanda aka fi karyawa: ba a barin saran baya ya haɗu da bakin, ana barin wani zirin naman itace a tsakaninsu, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin gindin, wanda za a iya kira maɗauri. Maɗaurin nan shi ke riƙe bishiyar da kututturenta yayin da take tafiya, yana lanƙwasawa kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa, yana hana ta kaucewa dama ko hagu ko ta zame baya. In an kai wannan matsayi bishiyar ba ta motsa ba, sai a cusa guntun ƙarfe ko itace mai siririn baki irin na masu faskare a cikin saran baya a buga shi, ko a ja da doguwar igiya da aka ɗaura tun kafin a fara, masu jan suna tsaye a wajen inda za ta kai. Da zarar ta fara ƙara da tafiya, mai saran ya ɗaga murya ya yi gargaɗi, ya bi hanyar da ya share, idonsa yana komawa sama, kuma kada ya dawo sai rassa sun gama zubowa.

Da wannan ma'auni za a ga kuskuren dabarun nan biyu da suka zama ruwan dare. Ta farko ita ce sara ta kowane gefe, ana zagaya gindin har ya zama siriri a tsakiya kamar turmi, wadda ke barin bishiyar tsaye a kan tsinke ba tare da maɗauri ba, ta yadda iskar da ba ta kai ta kaɗa riga ba za ta zaɓa mata inda za ta faɗi. Ta biyu ita ce hura wuta a gindin babbar bishiya a tafi a bar ta tana ci kwana da kwanaki, domin ba wanda ya san sa'ar da za ta faɗi ko wanda zai kasance a ƙarƙashinta, ga shi kuma wutar kan tsallaka ta zama gobarar daji.

Akwai yanayi uku da ko gwanaye ke tsoro. Bishiyar da ta karkata ƙwarai tana ɗauke da wani ja a bayanta, kuma in aka fara saran baya tana iya tsagewa a tsaye, ɓarin ya yi sama da ƙarfin da ke fasa kai, shi ya sa ake ɗaure gindinta da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a saman wurin saran, ko a bar ta ga wanda ya ƙware. Bishiyar da ta faɗi ta maƙale a kan wata ba a shiga ƙarƙashinta, ba a hawa ta, ba a sare wadda ta tare ta, ba a kuma kayar da ta uku a kanta. Ana janyo gindinta ne daga nesa da igiya ko a juya shi da doguwar sanda, in kuma ta gagara a sa alama a sanar da mutanen gari. Na uku shi ne bayan ta kwanta, lokacin da hankali ya kwanta tare da ita, alhali rassan da suka danne a ƙasa da ƙananan itatuwan da ta tanƙware suna ɗane kamar baka, wanda ya sare su ta gefen da bai dace ba sai su mare shi a fuska ko ƙirji. Wajen daddatsa rassa ana tsayawa ne ta gefen tudu, gangar tana tsakanin ƙafa da gatari, a kuma tabbata kan gatarin bai yi sako-sako a ƙota ba, kuma yana da kaifi, domin dakusasshen gatari shi ke zamewa daga itace ya sami ƙauri.

Injin zarto ya ninka sauri, ya kuma ninka rauni. Ya bazu a dazuzzukan tsakiyar Nijeriya tare da cinikin katako da gawayi, kuma sarar madobiya don fitarwa zuwa ƙasar Sin, wadda ta yi ƙamari a jihohi irin su Taraba, ta kai har aka sanya wannan itace cikin jerin waɗanda wata yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016. Sarƙar injin tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, kuma babban haɗarinta shi ne harbin baya, wato idan saman hancin zarton ya taɓa itace ko wani reshe, sai injin ya yi sama zuwa fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ake riƙe shi da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ba a yanka da hancinsa, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a hawa bishiya ko tsani da shi, ba a kuma cire birkin sarƙar don ya lalace a ci gaba da aiki. Ƙararsa ta wuce desibel 100, alhali daga 85 ne doguwar ƙara ke fara cin ji, don haka toshin kunne da kwalkwali da tabarau da safar hannu da wando mai kariya suna cikin kuɗin injin, kuma mai gidan da ya saya wa yaronsa inji bai saya masa waɗannan ba ya ɗora masa asarar da shi ya kamata ya ɗauka. Hawa bishiya don sarar reshe, kamar yadda makiyaya ke yi wa maɗaci da gawo da rani, yana da nasa haɗarin, domin faɗowa daga sama tana karya ƙashin baya ta bar mutum kwance har ƙarshen rayuwarsa, kuma wanda ya faɗo ba a ɗaga shi a zaunar ko a ɗora a babur, ana kwantar da shi ne a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da wuya ba sa motsi.

Ɓangaren guba ya fi ɓoyuwa, kuma ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa a cikinsa ita ce duk tsiron da ya zubo da farin ruwa kamar nono in an karya shi a ɗauke shi abin tuhuma har sai an san shi da suna. Tumfafiya ce misali mafi kusa, domin tana tsirowa a gonakin da suka gaji da bakin hanya da kufai, inda sauran itatuwa suka ƙare, dabbobi kuma ba su cika cin ta ba, shi ya sa ta zama abin da matan ƙauyukan da itace ya yi wa nisa ke komawa gare shi. Nononta yana ɗauke da sinadarai masu rikita bugun zuciya in an sha, amma abin da ya fi samun masu sara shi ne fantsamarsa a ido, inda yake kumbura tantanin nan mai haske da ke gaban baƙin ido, gani ya dushe bayan wasu sa'o'i, sau da yawa ba tare da zafi mai yawa ba, abin da ke sa mutum ya yi sakaci. Galibi gani yana dawowa in an samu magani, amma ana iya barin lahani na dindindin. Busasshen karan tumfafiya yana da amfaninsa, har ana rufin ɗaki da shi saboda gara ba ta son sa, amma ɗanyensa ba abin aiken yaro ba ne.

Dangin tinya sun fi tumfafiya zafi. Tinya da ƙerana, masu kaurin jiki da ƙaya, ana shuka su shinge a ƙasashen duwatsu na tsakiyar Nijeriya, kuma nononsu yana sa fata ta yi bororo, a ido kuwa yana kawo raɗaɗi mai tsanani da zai iya kaiwa ga makanta. Masana sinadarai da suka bincika nonon tinya a shekarun 1970 sun ciro wani sinadari da suka raɗa wa suna tinyatoksin, daga sunan tsiron na Hausa, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin da ke sa barkono yaji sau ɗaruruwa. Aguwa, wadda ake shinge da ita a arewa, nononta bai kai nasu zafi ba, amma ita ma ba a kai hannun da ya taɓa ta ido. Bushewa ba ta kashe gubar wannan dangi gaba ɗaya, kuma a kudancin Afirka an san wani ɗan'uwansu mai suna tamboti wanda naman da aka gasa a kan wutarsa ke sa ciwon ciki da gudawa mai tsanani, saboda haka tsohon shingen tinya da aka tumɓuke ba ya shiga murhu.

A dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa akwai manyan bishiyoyi biyu 'yan gida ɗaya, samberu da gwaska, waɗanda ƙarfin namansu ke jan masu gawayi. Ɓawon gwaska ne ake jiƙawa a da a ba wanda ake tuhuma ya sha don a gane gaskiyarsa, al'adar da ta ci rayukan marasa laifi, domin abin da ke cikinsa guba ce mai tsayar da zuciya, kuma garin da zarto ke fitarwa daga waɗannan itatuwa yana ƙona hanci da maƙogwaro. Makiyaya sun san ganyen samberu yana kashe shanu da tumaki, kuma a nan ne mai sara ke cutar da wanda bai gani ba, saboda ganyen da ke can sama inda dabba ba ta kai wa ya sauko da shi ƙasa ya tafi ya bar shi a kan burtali. Kwankwani, kurangar da maharba ke dafa 'ya'yanta su yi dafin kibiya, yana hawa bishiyoyi yana shiga cikin damin itace ba a sani ba, tururubi kuma, ɗan gajeren tsiro mai ruwan ɗorawar fure da ke fitowa bayan an ƙone daji, yana ƙona baki da ciki har ya kashe dabba. Karara ba ta kisa, amma gashin kwansonta da ke zubowa idan an girgiza bishiyar da ta hau yana sa ƙaiƙayin da zai sa mutum ya saki gatari a tsakiyar aiki, kuma susa ƙara cusa gashin take yi. Yazawa da mangwaro dangi ne na wasu tsirran Amurka da suka shahara da sa ƙuraje, waɗanda hayaƙinsu ma ke kumbura huhu, kuma man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa yana ƙona fata, hayaƙinsa yana cin ido da maƙoshi.

Cikin gari ma ba a tsira ba, domin wasu furannin kallo da ake shukawa a makarantu da ofisoshi da tsakiyar titi, irin su kariya da wanda masana ke kira Nerium oleander mai dogon ganye da jan fure, da ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawar fure kamar ƙararrawa, dukkan jikinsu guba ce ta zuciya, kuma rassansu da mai shara ya datse sukan ƙare a hannun mai neman makamashi. Ya kamata a tuna cewa itacen da ya shigo gida ba wuta kaɗai yake ci ba: daga cikinsa ake fiƙe tsinken tsire, a sassaƙa muciya, a karyi asuwaki, kuma tare da shi 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da na idon zakara da na zaƙami ke zuwa tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Ko itacen da ba shi da guba hayaƙinsa yana da lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida daga girki da itace da gawayi da makamantansu ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, yana ɓata zafin wuta wajen ƙafar da ruwan, yana tunnuƙa hayaƙi, don haka faskara shi da jera shi sama da ƙasa a inda iska ke ratsawa har ya bushe yana rage hayaƙi ya kuma rage yawan bishiyoyin da za a sare. Katakon da aka yi wa fenti, da tsofaffin turakun lantarki da na layin dogo da aka jiƙa da maganin gara, da tayoyi da robobi da ake tayar da wuta da su, duk suna sakin guba cikin hayaƙi da toka. Da hunturu kuma garwashin da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe masu barci.

Taimakon farko a duk waɗannan ba ya bukatar kuɗi. Nonon tsiro ko tofin kumurci a ido ana wanke shi nan take da ruwa mai tsabta ana kwarara shi na tsawon minti 20 ko fiye, ba a murzawa, ba a ɗiga nono ko kwalli ko ruwan wani ganye, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. A fata kuwa sabulu da ruwa ne, a kuma cire rigar da ya taɓa. Rauni mai zubar da jini ana danne shi da tsumma mai tsabta, ba a cusa masa ƙasa ko toka ko man birki, saboda ƙasa ce ke ɗauke da ƙwayar cutar tetanos mai ɗaure muƙamuƙi, wadda allurar rigakafi ke hanawa. Wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau, ana hana ta motsi ne a gaggauta kai shi inda ke da allurar kashe dafi. Wanda ya ci wani tsiro kuma a tafi da reshen tsiron tare da shi don likita ya gani.

Duk da haka, hanyar da ta fi kowace rage haɗari ita ce samun itace ba tare da kayar da babbar bishiya ba, kuma an gwada ta a cikin ƙasar Hausa. Daga 1983 manoman jihar Maraɗi, tare da wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato maimakon a share duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, sai a zaɓi 'yan ƙarfafa a bar su, a datse sauran, a riƙa rage musu ƙananan rassa kowace shekara. Hausawa sun riga sun ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, kuma saiwoyin sabara da kalgo da gawo da ke raye a ƙarƙashin ƙasa sun tabbatar da hakan, domin an ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi miliyan 200 a Nijar. Itacen da ake samu ta wannan hanya rassa ne da mutum ke datsewa yana tsaye a ƙasa, daga bishiyar da ya sani da suna, a gonar da ke kusa da gida, ba tafiya dajin da 'yan bindiga suka mamaye, ba komawa ga tumfafiya don rashin abin hurawa. Nijar ta kuma kafa kasuwannin itace na ƙauye tun 1992, inda mutanen gari ke kula da sarar dajinsu, kamar yadda aka yi a dajin Baban Rafi da ke ciyar da murhunan Maraɗi, kuma dokar daji ta 2004 ta ƙara wa al'umma hannu a kan bishiyoyinsu.

A Nijeriya takardar izinin sara har yanzu ta fi zama hanyar karɓar kuɗin shiga. Ya kamata ma'aikatun gandun daji na jihohi da masu unguwanni da ƙungiyoyin masu itace da gawayi su ɗaura ta da koyarwa, ta yadda ba za a ba mutum izini ko a damƙa masa inji ba sai ya nuna ya iya buɗe baki da barin maɗauri, ya kuma iya nuna tumfafiya da tinya da samberu da tururubi a daji da sunayensu.